Fijo a Tafin Hannu: Ziyarar Makera

Baƙon da ya shigo Kaduna daga Zariya, Kawo ce ke fara yi masa maraba, kuma galibi tsakanin nan da babbar kasuwa harkarsa take ƙarewa, ya yi abin da ya kawo shi ya juya. Ƙetaren kogin Kaduna sai mai dalili. Nawa dalilin wani hoto ne da ɗan yayar mahaifiyata, mai fentin mota a Makera, ya turo mini ta WhatsApp: tifa ce ruwan ɗorawa ta ɗaga bodi tana juye yashi, ga kofin shayi an ajiye a gefenta, kofin ya fi ta tsayi. A ƙasan hoton ya rubuta cewa yaron garejinsu ne ya ƙera ta, kuma in ina son ganin inda masu furfura ke musu a kan motar wasa har jijiyar wuya ta tashi, in zo ranar Asabar.

Bas ɗin da na hau a Kawo ta bi titin Ali Akilu ta faɗa Ahmadu Bello Way, muka wuce filin wasa, sai gada. Rani ne, ruwa ya ja baya, duwatsun kogin sun fito fili, masu wanki sun shanya kaya a kansu, ga lambuna kore shar a gaɓa. Da ka sauka daga gadar ka shiga ƙasar jirgi. Tsohuwar tashar nan ta Kaduna Junction, inda dogon da ya taso daga Legas zuwa Kano ya haɗu da wanda ya hauro daga Fatakwal ta Kafanchan, ita ta fara tara mutane a wannan ɓangare. Makera, hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, tana manne da Kakuri, baƙo ba ya gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara.

Wanda bai san abin da aka yi a nan ba zai ɗauka dogayen katangun da yake gani na barikin soja ne duka. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, UNTL da Arewa suka biyo baya a shekarun 1960, masana'antar makamai ta DICON ta zo a 1964, kamfanin Fijo ya fara harhaɗa mota a Kakuri a 1975. Yau yawancin masaƙun shiru kake ji: KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, ciyawa ta cinye harabobi. Amma mutanen da suka koyi hulɗa da inji ba su bi injinan ba. Suna nan, sun buɗe gareji, sun kafa rumfar walda, wasu kuma tsufa ya zaunar da su a bakin garejin 'ya'yansu suna gyara wa kowa kuskure ko ba a tambaye su ba.

Garejin da na nufa fili ne da aka kewaye da tsohon kwano, akwai dalbejiya a tsakiya, ƙarƙashinta benci biyu da kujerar bas da aka cire. Ƙasa ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai. Ɗan'uwana ya gabatar da ni, aka gaisa, aka tambayi mutanen Zazzau. A cikin mazauna bencin akwai wani dattijo da ya yi aiki a layin harhaɗa Fijo, kowa Injiniya yake ce masa, da wani tsohon direban tirela da ciwon baya ya sauke daga hanyar Legas. Na uku, wanda suke kira Tica, bai iso ba tukuna. Ba ƙungiya ba ce, ba su da shugaba, ba su da rajista. Majalisa ce irin wadda ke kowace unguwa, sai dai ita hirarta ba ta siyasa ba ce ba ta ƙwallo ba.

Aka kira yaron. Bai wuce shekara goma sha huɗu ba, yana koyon gyaran birki bayan an tashi makaranta. Ya fito da tifar daga cikin wani buhu ya ajiye a kan faifan taya, ya koma gefe ya rusuna.

Na daɗe ina dubanta. Kan motar gwangwanin madarar gari ne, an farke shi, an baje a kan guntun ƙarfen dogo an bubbuge har ya miƙe, sannan aka yanka aka lanƙwasa. Duk bakin da zai iya yankar hannu an naɗe shi ciki. In ka leƙa ta taga kana iya karanta sunan madarar a bangon ciki, a bayan kujerun da yayarsa ta ɗinka masa da ƙyallen atamfa. Gilashin gaba gorar ruwa ce aka yanko. Tayoyin tsohon silifa ne: yakan gasa bakin ƙaramin gwangwanin tumatir a wuta ya danna a kan silifan, taya ta fito a zagaye, sai ya bi da reza yana yi mata zane. Na baya bibbiyu ya haɗa, yadda suke a babbar mota. Wayar keke ta ratsa bututun biro ta riƙe su, shi ya sa suke juyawa ba gargada. A ƙarƙashi ya jera siraran ƙarfe huɗu huɗu, wani ya fi wani tsawo, ya ɗaure tsakiyarsu, kana danna bodin da yatsa sai ka ji ya nutse ya dawo. Abin da ke ɗaga bodin kuwa sirinji biyu ne da tiyon ƙarin ruwa, an cika su da ruwa: ɗaya a hannunsa, ɗaya a ƙarƙashin bodi. Yana tura na hannu, na ƙasa ya miƙe, yashi ya zube. Ka'idar da babbar tifa ke aiki da ita ke nan ba ragi, sai dai ita mai ne a cikinta ba ruwa ba. Fitilun daga mataccen tocila ya ciro su, batirin na tsohuwar waya ne.

Ni da na saba da yabon Facebook, jira nake in ji an ce masha Allah, baiwa daga Allah. Direba sai ya ɗauke ta ya kifa ta.

"Kai yaro, wace ce wannan?"

"Howo ce, Baba."

"Howo? To ina bututun iska na bayan kai? Kuma tankin mai ka rataya shi inda ba ya zama. Ka taɓa shiga ƙarƙashinta kuwa, ko daga bakin titi kake hangenta?"

"Daga bakin titi ne, Baba."

"Ai na gani."

Wannan tambaya ta "wace ce" ita ce ta farko a wurinsu, kuma ita ce ke raba yaro da maƙeri. Wanda ya amsa da "mota ce kawai" an gama da shi. Sai ka ce DAF ce, ko Roka mai dogon hanci, ko Fijo a-kori-kura, sannan a kama ka da abin da ka faɗa. Bayan ita sauran ke biyowa, ba a jere ba, kowa da inda hankalinsa yake. Tana kwana, ko sai an ɗaga kanta? Nawa take ɗauka kafin sifirin ya kwanta? Da me ka haɗa, dalma ko gam? Wani mai walda daga can cikin rumfarsa ya ɗaga murya ya ce duk abin da aka liƙa da gam amana ce aka ba rana, watan Afrilu na zuwa za ta ci. Ba wanda ya tambayi kuɗinta. Wannan tambayar masu wucewa ce, kuma yaron ya ce ita kaɗai yake ji in ya fita da motar titi.

Injiniya ya karɓi tifar ya danna bodin sau biyu, sifirin ɗin ne ya ja hankalinsa. Ya ce su a zamaninsu langa-langa ake yi da shi, ƙarfen nan mai faɗi da ake ɗaure dilar auduga da ta yadi, kuma lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana ba sai ka nema ba, a bola kake tsinta. Da shi ake yin gindin mota gaba ɗaya, a ɗora mata dogon sitiyari na waya wanda yaro zai riƙe yana tsaye, yana gudu yana yin kukan inji da baki, har da canjin giya. Direba ya ce su a ƙauyensu ko langa-langar ba su samu ba, motar kara suka yi: a feƙe sille, a yanka totuwa, a soke wannan a jikin wancan, a fafe sakaina a yi taya. Bayan girbi kowane yaro yana da rundunar motoci, kafin damina duk akuya ta cinye. Na tuna ni ma na yi ta laka, wadda ba ta kwana biyu ba ta tsage ba. Abin ba namu ne mu kaɗai ba, yaran Malawi da na Afirka ta Kudu da waya suke lanƙwasa tasu, a Madagaska kuwa motar gwangwani ta zama hajar da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Amma a ko'ina yaro abin da ke wucewa ta gabansa yake ƙerawa, shi ya sa tarin waɗannan motoci zai iya ba ka tarihin hanyar gari. Na zamanin Injiniya Roka ce mai bodin katako. Na yaran yanzu tifar Sin ce da Keke Napep da Hilux mai jiniya.

Ana cikin haka Tica ya iso, riƙe da kwalin takalmi a hammata. Mutumin wajen Kafanchan ne, ya yi ritaya daga koyarwa, Hausarsa tas. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 mutanen Kaduna suka rarrabu, kogi ya zama kusan iyaka, amma a wannan yanki har yanzu kana iske bencin da ya haɗa mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, kuma nan ɗaya ne daga ciki. Aka matsa masa. Ya buɗe kwalin a hankali, kowace mota tana cikin tsohuwar safa.

Shi ba ya ƙerawa, tarawa yake yi. Yakan zaga wurin 'yan gwanjo a kasuwar Monday ta Kakuri, wani lokaci ya haura Kasuwar Barci, ya tsuguna gaban tarin kayan wasan yara yana tonawa, 'yan tsana da bindigogin roba yana ture su gefe. Abin da yake nema nauyi ne. Ta roba ba ta da nauyi, ta ƙarfe kuwa tana cika hannu, don tutiya ce aka gauraya da ɗan alminiyon aka narka aka tura cikin mazubi da ƙarfi. Da ya ji nauyin sai ya kifa ta ya karanta cikinta, don a nan ake rubuta sunan kamfani da ƙasar da aka yi ta, wani lokaci har da awo. Ya nuna mini Matchbox biyu, ɗaya an rubuta Ingila, ɗaya ba haka ba. Ya ce kamfanin Lesney da ya fara yin su a 1953 ya karye a 1982, aikin ya koma Asiya, saboda haka duk wadda ka ga Ingila a cikinta ta girmi yawancin masu sayar da ita. Akwai Hot Wheels na Amurka, waɗanda suka fito a 1968, masu gudu a kan siminti amma rabinsu motocin da ba a taɓa gani a titi ba ne, shi ya sa ba su dame shi ba. Akwai Majorette na Faransa masu ɗan sifirin a taya, tsofaffin an yi su a Faransa, sababbin a Tailan. Masu gwanjon sun gane shi, in suka ga ya daɗe yana juya mota sai kuɗi ya tashi, don haka yanzu yakan haɗa da wata 'yar tsana ya yi ciniki a dunƙule.

Nan da nan tsohon musunsu da ɗan'uwana ya tashi. Akwai wata jar motar kashe gobara da fentinta ya goge har ƙarfe ya fito. Mai fenti ya ce a ba shi ita, ya jiƙa ta a man birki tsohon fentin ya saɓule, ya fesa mata sabo ta dawo amarya. Tica ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai yarda ba, fentin da ta fito da shi daga kamfani shi ne darajarta, kuma wannan gogewar hannun wani yaro ne a wata ƙasa wanda yanzu ƙila ya yi jikoki. Ɗan'uwana ya ce, "Baba Tica, wannan ai tsatsa kake wa kirari." Aka yi dariya. Sauran matsalolinsa na kowa ne: ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, rana da ke kashe launi, tayar roba da ke bushewa ta tsage, da jikoki, waɗanda ya ce sun fi duka ukun ɓarna.

Ta ƙarshe da ya kwance daga safa ita ce ta sa Injiniya gyara zama. Fijo 504 ce fara, ta kamfanin Norev, wani tsohon ɗalibinsa ya kawo masa tsaraba. Ga fitilun nan masu kusurwa, ga but ɗin nan da ya karye ya gangara. A cikinta an rubuta 1:43. Tica ya bayyana wa yaron, da muryar aji, cewa in ka jera irinta 43 hanci da wutsiya za su yi tsawon ta gaske. Ta gasken mita 4 ce da santimita 49, ita kuwa wannan santimita 10 da 'yan kai. Ba tsawo kaɗai ba, faɗi da tsayi da taya da madubi duk an raba su da 43. Wannan lamba mai ban mamaki daga jirgin ƙasa na wasa ta samo asali: a Ingila ana ƙera shi a kan milimita 7 a madadin ƙafa ɗaya, da kamfanin Meccano ya fara fitar da motocin Dinky a 1934 don a jera su a gefen dogon, sai suka bi wannan awo. Akwai manya, 1:24 da 1:18, wadda Fijo za ta kai santimita 25 a cikinta, akwai kuma ƙanana wajen 1:64, tsawon ɗan yatsa.

Injiniya ya riƙe ta a tafin hannu ya fara ba da labari, ba wanda ya katse shi duk da na lura sun sha ji. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975, shekarar da Kakuri ta fara harhaɗa ta, ita ta ci tseren Safari a Kenya. Lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, saboda haka sassan motar ta sama suke zuwa, jirgin kaya ya ɗauko su daga Liyon ya sauke a Kano, a loda a manyan motoci zuwa Kaduna. Zamanin mulkin soja na Obasanjo aka mai da ita motar hukuma, mai dogon baya ta zama sarauniyar tasha, a-kori-kura ta zama jakin kasuwannin ƙauye. Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Tica ya ƙara da nasa: Norev da Majorette duk a kewayen Liyon aka kafa su. Garin da ake loda wa Kakuri sassan manya a lokacin, a gefensa ake zuba ƙananan. Yanzu akwai sabon kamfanin Fijo na haɗin gwiwa da Ɗangote a hanyar Abuja, ya fara aiki a 2022, amma a wannan benci in aka ce Fijo, 504 ake nufi.

Daga nan aka ajiye su gefe da gefe, tifar gwangwani da Fijon tutiya, musun da aka gayyace ni in gani ya ɓarke. Tica ya ce aikin yaron yana da kyau amma ba awo: tayoyin sun yi girma, kan ya yi tsayi, in aka hura ta ta kai girman ta gaske direba sai da tsani biyu zai hau. Direba ya ce, "Haba Tica, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Duk wanda ya ga wannan daga nesa ya san tifa ce, har ya kauce." Injiniya ya ce a layin harhaɗawa ba a san ido ba, kowane noti da iyakar ɗaurinsa, ƙofar da ta kauce da milimita kaɗan ba za ta rufu ba ko ka yi mata addu'a. Direba ya ce shi ya sa ba ku taɓa ƙera taku ba, sai ɗaura abin da aka aiko. Wannan ta yi zafi, wuri ya yi tsit na ɗan lokaci, har sai da Tica ya sassauta da cewa su ma Turawan suna ha'inci: ƙananan Matchbox don su shiga kwali ɗaya ake yin su, shi ya sa za ka ga bas da ƙaramar mota tsawonsu guda.

Ni a raina ina tare da Direba rabin hanya. Ido yana ƙara wa abin da yake so girma, kuma yaron da ke tsaye a bakin titi taya ce ke fara tsorata shi, dole ta fito babba a hannunsa. Tifarsa tana da wata izza da Fijon Tica ba ta da shi, duk da kyanta. Amma abin da aka yi da ido, mai shi kaɗai ke iya maimaita shi, shi ma ba daidai ba. Da awo ne wani zai yanka ƙofa a Makera, wani ya yi bodi a Panteka, a haɗa su zauna. Tsohuwar kasuwar Panteka da ke hayin arewa cike take da masu irin hannun yaron nan da suka girma, suna ƙera injin niƙa da tukwane da ƙofofi, kuma abin da ya fi hana kayansu fita nesa shi ne biyu ba sa zuwa iri ɗaya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke yi da irin waɗannan yara. Duk bayan 'yan watanni sai bidiyon wani ya zagaya, ya ƙera katafila ko jirgi, a yi ta kabbara a ƙarƙashi, a yi ta kiran sunan gwamna, wani mai kuɗi ya ɗauki hoto da shi ya ba shi abin da ya ba shi, shi ke nan. Ba mai ce masa tankinka ba a wurinsa yake ba. Mukan kafa hujja da Jelani Aliyu, wanda aka haifa a nan Kaduna a 1966 ya tashi a Sakkwato, ya zana jikin Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna a 2007, daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. Sai mu ce baiwa ce. Baiwa ce mana, amma mutumin ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi makarantar zane a Ditroyit, inda ake sa ɗalibi ya sassaƙa ƙaramar mota da yumɓu a kan awo, malamai su kewaye ta suna fito da aibinta. Abin da waɗannan dattawa ke yi wa yaron a ƙarƙashin dalbejiya ya fi kama da wannan fiye da duk yabon intanet, ko da yake su ba su ɗauke shi koyarwa ba, hira suke yi.

Bayan la'asar Injiniya ya ce a daina surutu, a ɗauko tef. A ƙarshen garejin akwai wata 504 mai dogon baya da ta daɗe a kan duwatsu, kaji na ƙwai a kujerar baya, taya ɗaya ce ta rage a jikinta. Aka ba yaron bakin tef ɗin, ɗan'uwana ya ja ɗaya bakin. Tsawo mita 4 da santimita 80. Faɗi mita 1 da 69. Daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya mita 2 da 90. Tica yana rubutawa a bayan kwalin takalminsa. Ya ce 43 za ta wahalar da mai almakashi, a raba da 20, lissafin ya fi sauƙi kuma hannu zai samu wurin aiki. Ya sa yaron ya yi da kansa a ƙasa da tsinke: tsawo 24, faɗi 8 da rabi, tsakanin tayoyi 14 da rabi. Aka auna tayar, ta haura santimita 60 kaɗan, aka raba, ta ba da 3 da ɗoriya.

Yaron ya yi shiru yana kallon lambar, sai ya tashi ya nufi wurin mai shayi, ya dawo da marfin kwalbar lemo. Aka ɗora a kan tef, ya yi kusan santimita 3.

"Ka gani ko," in ji Direba, "tun muna yara da marfin kwalba muke wa ƙaramar mota taya. Wa ya ba mu tef?"

"Tayar kun dace," in ji Tica. "Bodin fa? Kwalin sukari kuke ɗora mata."

Aka koma kan kayan aiki. Gwangwanin tumatir ba zai ba da santimita 24 a miƙe ba tare da haɗi ba, kuma Injiniya ya ce gefen 504 ba a yi masa haɗi a tsakiya, layin nan da ya taso daga fitila zuwa wutsiya dole ya tafi a shan ruwa ɗaya. Mai walda ya ce a nemo galan ɗin man gyaɗa na ƙarfe, mai kusurwa huɗu, gefensa a miƙe yake ba sai an bubbuge ba. Ɗan'uwana ya ce fari zai fesa mata, irin na motar asibiti, Direba ya ce in ba a yi mata kariya a sama an ɗaure buhu da akwati ba to ba motar tasha ba ce, shi ba ruwansa da ita. Yaron ya tambaya, a karo na farko ba tare da an tambaye shi ba, ko kujerun layi uku zai yi.

"Uku mana," in ji Injiniya. "Je ka leƙa ka ƙirga, ka kori kajin. In ka gama ka wuce wurin 'yan gwangwan kafin su rufe, ka ce ni na aiko ka, galan biyu, kada su ba ka mai lotsawa."